Ko aikin haɗa waya yana da sauran daraja a zamanin wayar hannu?

Tambaya: An ɗauke ni aiki a wani asibiti mai zaman kansa a matsayin afaretar waya, wato mai amsa kiran da ke shigowa da miƙa shi ga sashen da ya dace. 'Yan uwana suna cewa aikin ya mutu tun da wayar hannu ta zo, kuma ba komai a cikinsa sai "halo". Ina roƙon wanda ya san aikin ya bayyana mini abin da ya ƙunsa, da kuma ko yana da makoma.

Amsa: 'Yata, ina taya ki murna, Allah ya sanya albarka. Na fara zama a gaban allon haɗa waya a ƙarshen shekarun 1970, a wata babbar ma'aikata, daga baya aka kawo mana na'ura mai haɗa layukan cikin gida da kanta, na kuma ƙare da koyar da sababbin ɗauka kafin in yi ritaya. 'Yan uwanki sun yi gaskiya ta wani gefen, domin aikin da na fara da shi babu shi yanzu. Sai dai abin da na'ura ta karɓe shi ne kira mai sauƙi, wato na mutumin da ya san lambar da yake nema. Wanda ya rage, wanda zai riƙa faɗowa kan teburinki, shi ne kiran mutumin da bai san wa yake nema ba, ko wanda hankalinsa ya tashi har ya kasa faɗin abin da yake so. Kujerun sun ragu ƙwarai, amma wadda ta rage ta fi ta da nauyi.

Zan fara da tsohon allon, domin ƙa'idojin da za a koya miki daga jikinsa suka fito. Katako ne a tsaye cike da ramuka jere-jere, kowane rami layin wani ofishi ne, kuma kowanne da ɗan ƙwan fitilarsa. A kan teburin da ke gabanmu akwai igiyoyi tagwaye-tagwaye masu kan tagulla, kowace tagwaye da maɓallinta. Idan mutum ya ɗaga wayarsa fitilarsa takan kama, sai mu ɗauki igiyar baya mu cusa a raminsa, mu tura maɓalli mu tambaye shi wa yake nema. Kafin mu cusa igiyar gaba a ramin wanda ake nema, mukan taɓa bakin ramin da tsininta. Idan muka ji ƙas a kunne, layin yana kan magana, idan kuwa shiru ne sai mu cusa mu kaɗa masa ƙararrawa. Da zarar ya ɗauka sai mu mayar da maɓalli mu fita daga maganar. Wasu ƙananan fitilu biyu a gindin igiyoyin su ke sanar da mu cewa an gama, mu zare, ƙarfen da ke rataye a ƙarƙashin tebur ya ja igiyoyin su koma mazauninsu. Babu abin da ya raba afareta da hirar mutane a kan wannan allo sai wannan maɓalli da tsoron Allah.

Kiran nesa kuwa, wanda muke ce wa tarankol, sai an yi rajistarsa a babban ofishin waya na gari, a rubuta tikiti, a jira layi ya samu. Wata rana ina sabon hannu, wani jami'inmu ya yi rajistar kiran Legas tun da hantsi, bai samu ba sai bayan azahar. Bai yi minti ɗaya yana magana ba, wata fitila ta nuna mini an gama wani kiran dabam, na kai hannu cikin igiyoyin da suka sarƙe, na zare nasa. Ya sauko da kansa har ɗakin waya. Babbar afaretarmu, wata dattijuwa da ta girme ni a aikin da kusan shekara ashirin, ta ba shi haƙuri, ta sake yi masa rajista, bayan ya tafi ta kama yatsana ta bi da shi kan igiya tun daga gindinta har ramin da take ciki, ta ce kada in sake zare abin da ban bi da hannu ba. Yau babu igiya, amma maɓallin katse kira da na miƙa kira suna maƙwabtaka a kan na'urori da yawa, kuma sababbin ɗauka suna yin irin kuskurena a makonsu na farko.

Tarihin sana'ar kansa yana nuna abin da ake nema a cikinta. An buɗe ofishin haɗa waya na kasuwanci na farko a garin New Haven na Amurka a watan Janairun 1878, da masu layi 21. Samari aka fara ɗauka, irin waɗanda suka saba aikin gidan tangaraho, amma suka zama masu tsiwa da zolayar masu kira. A ranar 1 ga Satumban 1878 aka ɗauki Emma Nutt a birnin Boston, ita ce mace ta farko a aikin, ta kuma yi shekara 33 tana yinsa. Kamfanoni suka ga masu kira sun fi natsuwa da muryar da ba ta gaggawa kuma ba ta rama baƙar magana, shi ke nan aikin ya koma hannun mata a ƙasashe da dama. Abin da ya fi ba ni tunani shi ne yadda aka yi na'urar da ta kore mu. Almon Strowger mai sana'ar shirya jana'iza ne a Kansas City, kuma ana ba da labarin cewa ya zargi wata afareta da karkatar da kiran masu makoki zuwa ga abokin gasarsa. Ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1891, aka kafa ofishi na farko mai aiki da ita a La Porte ta jihar Indiyana a 1892. Ke nan rashin yarda da amanar afareta yana cikin abin da ya haifi na'urar, ba neman sauri kaɗai ba.

Duk da haka na'urar ba ta ci wurin a dare ɗaya ba. Sai a 1951 mai waya a Amurka ya fara buga kiran nesa da kansa, a Birtaniya kuma sai a 1958, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta buga Edinbara daga Biristol. Ofishin hannu na ƙarshe a Birtaniya, na Portree, ya kai 1976 yana aiki. A Nijeriya, lokacin samun 'yancin kai a 1960 layukan tarho ba su kai 20,000 ba. Hukumar gidan waya da sadarwa ta P&T ce ke riƙe da wayar cikin ƙasa, kamfanin NET ke riƙe da ta ƙetare, har aka haɗe ɓangaren wayar biyu ya zama NITEL a 1985. Mutanen zamanina har yanzu suna tuna lambobin gari, Legas 01, Kaduna 062, Kano 064. Kafin wayar hannu ta GSM ta fara aiki a watan Agustan 2001, layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Abin da ya biyo baya kin gan shi da idonki.

To, me ya rage miki? Abu na farko, kuma wanda ya fi kowanne girma, shi ne sanin gidan da kike aiki. Jerin lambobin ciki da za a miƙa miki somin-taɓi ne. Mai kira ba zai ce a ba shi lamba kaza ba, cewa zai yi yana neman likitan nan dogo mai tabarau da ya duba mahaifiyarsa ranar Talata, ko ya ce an ɗebi jininsa kuma bai san inda zai karɓi sakamako ba. Dole ki san wane likita ke zama wace rana, wane ne ke dutin dare, wane sashe ke ba da sakamakon gwaji, wane ne ke kula da kuɗi da inshora, da kuma wanda ake nema idan mai kujerar ba ya nan. Shawarata ita ce a makonki na farko ki roƙi izini ki zaga asibitin da ƙafarki, ki ga kowace wayar ciki a inda take ajiye, ki gaisa da mai ɗaukarta. Za ki gano wasu lambobin da ke jerin suna ƙara ne a ɗakin da aka mayar sito, ki kuma gano wace nas ce a kowane ɗakin kwanciya take ɗaukar waya da wuri. Ki buɗe littafinki na kanki, ki riƙa gyara shi duk lokacin da aka yi sauyin ma'aikata, domin jerin ofis kullum a baya yake.

Miƙa kira iri biyu ne, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Akwai wanda za ki danna lamba ki saki, ba tare da kin san ko an ɗauka ba. Akwai kuma wanda za ki jira a ɗauka, ki ce ga wane a kan layi kuma ga abin da yake tafe da shi, sannan ki haɗa su. Na farkon ya fi sauri, kuma ya wadatar ga mai tambayar lokacin ziyara. Amma ga mai kuka, ko tsoho, ko wanda aka riga aka yi ta yawo da shi daga sashe zuwa sashe, na biyun ne kaɗai ya dace, saboda babu abin da ke tunzura mai kira kamar ya ba da labarinsa sau uku ga mutum uku. Idan za ki ajiye mutum a jira, ki nemi izininsa, ki gaya masa dalili, kuma ki leƙo shi kafin minti ya cika. Ki tuna katinsa ne ke ƙonewa. Idan kin ga abin zai ja, gara ki karɓi lambarsa a kira shi, da sharaɗin lallai a kira.

Akwai abin da littattafan koyar da aikin ba sa faɗa, saboda ba don masu kiranmu aka rubuta su ba, wato gaisuwa. Dattijo zai yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya da iyali, alhali fitilu uku suna ƙyaftawa a gabanki. Katse shi rashin kunya ne, bin sa har ƙarshe kuma zaluntar na bayansa ne. Dabarar ita ce ki amsa sallamar cikakkiya, ki amsa gaisuwa ɗaya da sakin murya, sannan ki riga shi da tambaya: "Lafiya lau, Baba, Allah ya ƙara girma, wa za a haɗa ka da shi?" Ya samu girmansa, ke kuma kin samu hanyarki. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a waya fuskar ba a ganinta, muryar ce ke yin shimfiɗar, kuma mai kira yana jin bambanci tsakanin wadda ta miƙe zaune da wadda ta kife a kan tebur.

Haka kuma alkunya. Na taɓa zama kusa da wata yarinya da nake koyarwa, wata mata ta kira tana neman a haɗa ta da ɗakin da aka kwantar da maigidanta. Yarinyar ta ce a faɗi sunansa, matar ta ce, "Baban su Ladi ne." Ta sake tambaya, matar ta ce, "Shi dai maigidan." Yarinyar ta fara ɗaga murya, tana zaton taurin kai ne. Na karɓi wayar na tambayi matar ranar da aka kawo shi da unguwarsu, sannan na ce ko akwai yaro kusa da zai faɗi sunan. Ta miƙa wa ɗanta, magana ta ƙare cikin daƙiƙa kaɗan. Matar da ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba za ta fara a kanki ba, kuma babu na'urar "danna ɗaya, danna biyu" da ta san wannan.

Ɗaukar saƙo yana da tsarinsa: sunan mai kira, lambarsa, wanda yake nema, abin da ya ce, da lokacin da ya kira, a rubuce, ba a ka ba. Ki maimaita masa lambar kafin ya ajiye, musamman da yake "biyu" da "biyar" sukan rikice idan layi ba shi da kyau, kuma mutane da yawa suna gauraya Hausa da Turanci a tsakiyar lamba ɗaya. Saƙon da bai isa ba, ki rubuta shi a littafin miƙa aiki domin wadda za ta canje ki ta gani.

Yanzu ga inda nake so ki fi natsuwa. A asibiti za ki ji abin da ba a nufe ki da shi ba, za ki san wa aka kwantar, wace matar wane ce ta zo awo, wa aka tura gwajin da mutane ke ɓoyewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta sanya bayanin majinyaci a matsayin sirri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ɗaure wannan, amma tun kafin dokokin biyu afaretan da ya kai labarin ofis gida korarsa ake yi. Haɗarin da ya fi yawa ba tsegumi ba ne, tausayi ne. Wani zai kira da murya mai rawa ya ce shi yayan majinyaciya ne daga Fatakwal, a gaya masa halin da take ciki. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, mai yiwuwa kuma tsohon miji ne, ko mai bin bashi, ko ɗan damfara da zai kira danginta bayan minti goma ya ce a turo kuɗin tiyata. Ke ba ki da hanyar tantancewa, saboda haka ko tabbatar da cewa tana kwance a nan ba naki ba ne sai bisa ƙa'idar da asibitin ya shimfiɗa. Ki miƙa shi ga nas mai kula da ɗakin. Lambar hannun likita ma haka, ba a bayarwa, ko da mai kira ya ce shi babban mutum ne kuma zai sa a kore ki. Ki karɓi tasa lambar ki isar. Labarin rasuwa kuwa ba ya fita ta bakin afareta ko kaɗan, har da irin sakayawar da muka saba ta cewa jiki ya yi tsanani, domin kowa ya san fassararta. Kuma kada ki ba da shawarar magani, ko da kin ji likitoci suna faɗinsa sau ɗari.

Kiran gaggawa shi ne ranar da za a gane ko an ɗauki mutumin kirki. Mai kira yana ihu, matarsa tana zubar da jini, ko yaro yana shiɗewa. Abu biyu za ki fara kamawa, inda yake da lambarsa, saboda idan layi ya yanke kafin ki samu waɗannan babu abin da kowa zai iya yi. Ki rage saurin maganarki maimakon ki bi nasa, ki yi gajerun tambayoyi, ki haɗa shi da sashen gaggawa kina kan layi har a ɗauka. Ki nemi a ba ki a rubuce matakan da za ki bi idan gobara ta tashi, ko aka kawo masu haɗarin mota da yawa lokaci guda, da jerin waɗanda za a tasa daga barci da tsarin wanda za a fara kira. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambobin 'yan kwana-kwana da ofishin 'yan sanda mafi kusa su kasance manne a bango inda idonki ke kaiwa, ba a cikin kwamfutar da za ta mutu idan an ɗauke wuta ba.

Zan ba ki wani ɗan lissafi da zai kare ki daga zargi. Wani masanin lissafi ɗan Denmak mai suna Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kofanhegan, shi ya fara nazarin cunkoson kira a 1909, kuma har yau da sunansa ake auna shi. A misali, idan kira 40 ke shigowa a awa, kowanne yana cin minti ɗaya da rabi, jimillarsu minti 60 cif. Manaja zai duba ya ce mutum ɗaya ya isa. Bai isa ba, domin kira ba ya zuwa a jere kamar masu bin layin awo, biyar sukan faɗo tare sannan a yi shiru, kuma duk ma'aikacin da aka cika wa lokacinsa ba rara, layin jiransa ƙaruwa zai yi ta yi. Saboda haka idan aka fara cewa ba kya ɗaukar waya, kada ki yi musu da baki. Ki riƙa ƙirga kiran kowace awa na mako biyu, ki kai takardar, za a ga safiyar Litinin ba daidai take da yammacin Alhamis ba, a san lokacin da ake buƙatar mutum na biyu.

Jikinki ma yana da haƙƙi. Ki nemi abin sawa a kunne maimakon maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, wanda ya bar da yawa daga cikinmu da ciwon wuya. Ki ajiye ruwa kusa, musamman da hunturu. Za a zage ki a kan laifin da ba naki ba, domin ke ce kaɗai ɓangaren asibitin da mai fushi ke iya kamawa daga gida. Ki bar shi ya sauke, ki ba shi haƙuri, ki koma kan abin da za a iya yi masa.

Batun makoma, ba zan yi miki daɗin baki ba. Inda aikin afareta bai wuce miƙa kira daga wannan tebur zuwa wancan ba, kujerar tafiya za ta yi, kuma na'urori masu amsa magana suna ƙara ƙwarewa. Asibitoci da manyan otal-otal da cibiyoyin gaggawa sun fi jinkirin sallamar mutum, saboda irin kiran da na bayyana miki. Ban shawarce ki ki yi niyyar shekara 33 a kujera ɗaya kamar Emma Nutt ba, amma shekara biyu ko uku a cikinta jari ne. Cibiyoyin kastoma kiya na bankuna da kamfanonin waya, wato inda ake amsa kiran abokan hulɗa, suna neman wanda ya iya riƙe mai fushi da Hausa da Turanci, kuma mai jin Fulatanci ko Kanuri ko Faransanci a kai ya fi samun shiga. A cikin asibitin kansa, wadda ta san kowane sashe da kowane ma'aikaci takan zama ta farko da ake tunawa idan gurbi ya buɗe a teburin karɓar baƙi, ko sashen ajiye bayanan majinyata, ko ofishin mulki. Ki koyi buga rubutu da sauri, ki koyi manhajar da asibitin ke rajistar majinyata da ita, ki kuma haddace sunayen sassa da gwaje-gwaje da yadda mutanen gari ke kiransu.

Kafin ki fara, ki tambayi mai ɗaukarki abu uku, kuma ki nemi amsar a rubuce: tsarin duti da ko akwai na dare da alawus ɗinsa, wanda zai riƙe miki layi lokacin salla da cin abinci, da kuma ko na'urar wayar tana kan batir ko inbata. Tsofaffin layukan ƙasa daga baturan ofishin waya suke shan wuta, shi ya sa suke aiki ko gari ya yi duhu, amma na'urar cikin gida ta yanzu mutuwa take yi da zarar an ɗauke wuta, har sai janareta ya tashi ta sake kunnuwa. Idan ba ta kan batir, ki roƙi a ajiye wayar hannu ta ofis mai caji da kati a teburinki, da lambobin sashen gaggawa da ɗakin haihuwa a cikinta.